Kiyaye Hankalin 'Ya'yanmu na Manyan Makarantu

 Ya 'yan'uwa, malamai irin su Imamu Gazali sun lissafa abubuwa biyar waɗanda shari'a ta zo domin kiyaye su, watau addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Maganarmu ta wannan mako a kan hankali take, musamman na 'ya'yanmu masu karatu a manyan makarantu.

Yaron da ya baro Tursa ko Wurno ya shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato, yana zaune a aji amma zuciyarsa na gida, domin bai manta da kisan da 'yan bindiga suka yi a kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021 ba. Ga tsadar abinci, ga tsoron jarrabawa, ga yajin aikin malaman jami'a, wanda a 2022 ya ci wata 8. In waɗannan suka taru, sai ka ga yaro ya daina barci, ya ƙaurace wa abokai, abinci ya fita ransa.

A nan ne iyaye da yawa kan kuskure. Wani ya ce raunin imani ne, wani ya ce iskoki ne kurum. Alhali kuwa Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya bayyana cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus cewa baƙin ciki mai tsanani da firgici da waswasi cututtuka ne masu magani, tamkar cututtukan jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, wanda ke kwance a Wurno, ya wallafa littattafai a kan ilmin magani.

To, ya kai ɗan kasuwa, da kai ma'aikaci, aika kuɗin guzuri bai sauke maka nauyi ba. Ka riƙa kiran ɗanka ko 'yarka, ka saurara ba da faɗa ba. In halin ya wuce mako 2, ka kai shi asibitin makaranta, ko Asibitin Tarayya na Ƙwaƙwalwa da ke Kware. In kuwa ya ambaci ya gaji da rayuwa, kada a kwana ba a ga likita ba. Ka haɗa addu'a da magani, domin neman magani ba ya rushe tawakkali. Sa'an nan ka rufa masa asiri, kada ya zama abin zance a majalisa.

Allah ya kiyaye mana zuriyarmu, amin. Wassalamu.