WA KUKA TAMBAYA, MALAM MAI LISSAFI?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, manoma da masunta da 'yan kasuwar ƙasar Haɗeja, ku kula da wata dabara da akan kawo muku duk sa'ad da zaɓen fid da gwani na masu neman shugabancin ƙasa ya gabato. Tun da sauran watanni sai ku ji 'yan koren manya sun cika rediyo da wayoyi, wai an yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, wai ubangidansu ne a gaba da kashi kaza cikin ɗari, saboda haka kowa ya zo ya bi tun ba a rufe ƙofa ba. To, kafin ku bi, ku tsai da mai maganar ku tambaye shi: su wa aka tambaya, ta wace hanya, kuma wa ya biya kuɗin aikin?

Ita wannan ƙuri'a ba kowa ake tambaya ba. Akan tambayi mutum dubu ko dubu biyu, sa'an nan a ce sauran jama'a ma haka suke. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, don mai sayen shinkafa ba ya zazzage buhu duka kafin ya yi tayi. Amma ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin algus. Wanda ya ɗebi na baki kawai, bai zura hannu tsakiya da gindin buhu ba, ranar da ya kai gida zai ga tsakuwa da ƙaiƙayi. A Amurka cikin 1936 wata mujalla mai suna Literary Digest ta tara amsar mutum fiye da miliyan biyu, ta ce Landon zai kā da Roosevelt. Sunayen kuwa yawancinsu daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta samo su, watau masu hali. Ranar zaɓe talakawa suka fito, Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48.

Mu dawo gida. Cikin Satumba, a damina mai ambaliya ta 2022, wata ƙungiya mai suna ANAP ta sa kamfanin NOI ya tambayi mutane ta waya a kan babban zaɓen da ke tafe. Aka ce Peter Obi na da kashi 21, Tinubu 13, Atiku 13, Kwankwaso 3. Don Allah a wannan watan ina mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasama suke? Ruwa ya ci gonaki, ya rushe gidaje, wasu suna kwana a makarantu. Wa ke da cajin waya, balle sukunin amsa tambayar baƙo? Kuma a cikin wannan rahoton, masu shi da kansu sun rubuta cewa kashi 32 ba su tsai da shawara ba, kashi 15 kuma sun ƙi faɗi. Watau kusan rabin waɗanda aka tambaya sun yi shiru. Masu shela suka tsallake wannan, suka ɗauki layin sama suna ta kiɗa. Da aka kaɗa ƙuri'a a Fabrairu 2023, Obi ya zo na uku a ƙasa baki ɗaya, a Jigawa kuwa bai kai ƙuri'a 2,000 ba, alhali Tinubu ya haura 400,000, Atiku na biye da shi kusa.

Wannan fa babban zaɓe ke nan, inda kowane mai kati ke da ƙuri'a. Zaɓen fid da gwani ya fi haka ruɗi. Tambayar da aka yi wa mutum tun da wuri, yawanci sunan da ya fi ji a rediyo shi zai ambata. A Amurkar ma cikin 2007 Giuliani da Hillary Clinton ne a gaba wata da watanni, amma McCain da Obama suka ɗauki tutocin jam'iyyunsu a 2008.

Babban abin da ba sa so ku lura da shi shi ne, a zaɓen fid da gwani na 2022 talaka bai jefa kome ba. Daliget ne suka zaɓa. Jam'iyyar APC ta ba kowace ƙaramar hukuma wakilai uku, PDP ta ba da ɗaya. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27, takwas daga ciki a masarautar Haɗeja. Ku lissafa da kanku: mutum 24 a ɗaya jam'iyyar, mutum takwas a ɗayar, su ne bakin dukan jama'ar nan tun daga Birniwa har Kaugama. Kai! To mene ne amfanin tambayar mai sayar da bandar kifi wanda yake so, tun da ba shi zai shiga filin taro a Abuja ba? Wanda ke son sanin gaskiya ai sai ya tambayi gwamnan da ya rubuta sunayen daliget ya kuma biya musu kuɗin masauki. Dattawanmu sun san wannan rariya tun 1951, sa'ad da NEPU ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma da aka yi ta tankaɗe hawa-hawa ba ɗanta ko ɗaya da ya isa majalisar Kaduna.

Ku duba yadda ta kaya. Kwankwaso ya bar PDP cikin Maris 2022. Obi ya bar ta cikin Mayu, saura 'yan kwanaki a yi taro. Duk wanda ya ƙirga su a wannan takara tun farkon shekara, ya ƙirga mutanen da ba su je ba. A daren 28 ga Mayu Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku, sai Atiku ya sami 371, Wike 237. A taron APC cikin Yuni mutum bakwai suka janye wa Tinubu, har da gwamnan Jigawa na lokacin, Badaru Abubakar. Tinubu ya tashi da 1,271, Amaechi 316, Osinbajo kuwa, wanda samarin intanet suka daɗe da naɗawa, 235. Wace ƙuri'ar jin ra'ayi ce ta ga abin da aka ƙulla a ɗakunan otel da tsakar dare? Takardar shiga takarar kaɗai naira miliyan 100 ce a APC, miliyan 40 a PDP, kuma har jami'an EFCC sai da suka bayyana a wuraren taron saboda zancen kuɗi da ya cika gari.

To don me ake ta kaɗa muku waɗannan lambobi? Dillali ne ke kururuta kaya don la'adarsa ta yi kauri. Ɗan takara yana so masu kuɗi su zuba masa, yana so daliget su ji tsoron a bar su a baya, yana kuma so ku talakawa ku karaya ku ce an riga an gama, ku zauna gida. Wannan na ƙarshe shi ya fi yi mana ciwo, don ranar da kuka zauna gida ita ce ranar da ake rubuta sunayen shugabannin mazaɓarku ba da saninku ba.

Saboda haka duk mai katin jam'iyya, ranar taron mazaɓa ya bar wa yaro rumfa ya je da kansa, ya tsaya har a ƙirga a gabansa. In an ce 'yan jam'iyya ne za su zaɓa kai tsaye, ku nemi a kafa rajistar a fili kowa ya ga sunansa. In wakilai za a tura, ku san su, ku san ƙofar gidajensu. Ku tara su a gaban jama'a kafin su hau mota, ku tambaye su wa za su zaɓa, kuma me ya ce zai yi game da ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa, da sakin ruwan Tiga da Challawa da ke iske mu a gona, da tsadar taki. In sun dawo daga Abuja, ku sake tara su a wuri guda su faɗi wanda suka jefa wa.