Guzurin da Ɓarawo Ba Ya Ɗauka

 Ina so mu ɗan tattauna kan tafiya ƙasar waje, don na lura yaranmu da dama sun ɗauka in dai akwai fasfo da kuɗi a aljihu, shi ke nan an gama shiri. Ni kuwa a ganina, abin da ke fid da matafiyi ranar da tafiya ta ɓaci shi ne sana'ar hannunsa da bakinsa na tambaya.

Ku dubi kakanninmu da suka riƙa zuwa Makka ta ƙasa. Daga Kano sai Maiduguri, a ƙetare zuwa Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena, a bi ta Abeshe, a shiga Sudan ta Janaina, sai Fashir, sai Ubayyid, har bakin Bahar Maliya inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru. Jaki ya mutu, guzuri ya ƙare, wani 'yan fashi su tare shi su bar shi da rigar wuyansa.

A yammacin Kurdufan akwai inda za ka yi kwanaki ba rijiya. Baƙo zai wuce gindin kuka yana fama da ƙishirwa, bai san ruwa na kansa ba. Mutanen wurin suna rarake cikin kukar, su cika ta da ruwan damina, su riƙa ɗiba da rani. Kukar nan dai da muke miya da ganyenta! Haka kuma suna shuka kankana don ta zame musu ruwan sha, su da dabbobinsu. Wanda ya yi sallama ya tambaya, an nuna masa, ya sha ko ya saya. Mai girman kai kuwa, sai dai mu ce Allah Ya jiƙansa.

To, waɗanda kuɗinsu ya ƙare fa? A nan ne abin ya shafe mu, mu mutanen ƙasar auduga. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a kan kogin Nilu, aka buɗe gonakin Jazira, inda ake noman auduga da ruwan kogi, tsinka kuma ta kai har cikin rani. Mutanenmu da suka maƙale a hanya sai 'yan'uwa da suka riga su zuwa su ce musu, "Malam, kada ka zauna bara, nufi Jazira." Aikin da yaron Funtua ko Malumfashi ko Daudawa ya iya tun yana ɗan shekara bakwai, shi ya biya wa mutane da yawa kuɗin jirgin Jidda. A farkon shekarun 1930 ma, da farashin auduga ya faɗi wasu manoma suka watsar da gonakinsu, an ba baƙi irin namu. Mutum ya fito neman Hajji ya sami Hajji, ya sami gona, ya sami Larabci a bakin 'ya'yansa. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar shi ma asalinsa wahala ce: Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa shi da jama'ar da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903, ya kuwa zama masaukin alhazai.

Kada wani ya ce Malam ya ce a kama hanya. A'a. Yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, ya kuma taɓa Jazirar kanta. Kuma ba kowa ya ci riba ba, kaburburan da ke gefen hanyar nan ba su ƙirguwa.

Amma iyaye, ku daina hana yaro zuwa gona da sunan wai shi ɗan makaranta ne. Ku kuma ɗalibai, darasin Muhadasa da kuke gudu, wata rana a tashar Alƙahira ko ta Madina, jaka ta ɓace, waya ba caji, da shi za ku tambayi inda Hausawa suke sauka.