RA'AYINMU: BINDIGA BA REDIYO BA CE

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a tsakanin masu sha'awar makamai, watau mutum ya sayi bindiga ya kai ta gida, ya zauna a garejinsa ran hutu ya warware ta, ya sāke mata ƙota ko bututu ko madubin saiti, kamar yadda ɗalibi a nan yakan kwance rediyo ko babur don ya ga cikinsa. Wadda aka fi yi wa wannan hidima ita ce AR-15, wadda Eugene Stoner ya tsara a kamfanin ArmaLite, kamfanin Colt kuma ya sayi ikon ƙera ta a 1959. An gina ta ne gaɓa-gaɓa, ana cire wannan a sa wancan ba tare da an je wurin maƙeri ba.

Ba mu musun cewa yawancin masu wannan sha'awa mutanen kirki ne, waɗanda iyakar burinsu harbin allo ko farauta. Ba ma kuwa raina hikimar hannu, domin ita muka zo jami'a nema. Amma lalle ne a bambanta gyaran da ke ƙara wa bindiga kyau da gyaran da ke sāke mata hali.

Dokar Amurka ta bambanta waɗansu nau'o'in bindiga guda biyu. Akwai mai ɗura kanta, wadda take sakin harsashi ɗaya duk sa'ad da aka ja kunama. Akwai kuma mashinga, wadda take ta ɓari muddin yatsa yana danne. Tun 1934 aka ɗora wa mashinga rajista da haraji, sa'an nan a 1986 aka hana sayar wa farar hula sababbi. To, tsakanin waɗannan biyu ne masu dabara suka sami kafa. Aka ƙago wata ƙota mai zamiya, wadda take amfani da shurin da bindiga ke yi baya har kunama ta riƙa bugun yatsa da sauri. A 2010 hukumar kula da makamai ta ƙasar ta ce wannan ƙota ba ta saɓa wa doka ba, aka shiga sayar da ita kamar kayan wasa.

Ran 1 ga Oktoba, 2017, aka ga ƙarshen wasan. Wani mutum ya hau bene na 32 na otel ɗin Mandalay Bay a birnin Las Vegas, da bindigogi waɗanda da dama daga cikinsu an sa musu irin wannan ƙota, ya buɗe wuta a kan taron masu sauraron kiɗa. Cikin minti goma ko kusa da haka ya saki harsashi fiye da 1,000. Mutum 58 suka mutu, daga baya waɗansu biyu suka cika, ɗaruruwa kuma suka jikkata. Gwamnati ta haramta ƙotar daga watan Maris na 2019. Amma a watan Yuni na 2024 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta soke haramcin, bisa hujjar cewa kowane harsashi da jansa na kunama, saboda haka ba mashinga ba ce a lafazin doka, kuma gyaran lafazin aikin Majalisa ne.

Mu a ganinmu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wanda harsashi ya ratsa bai damu da ko yatsa ne ya ja kunama ko kunama ce ta bugi yatsa ba. Dokar da ta tsaya a kan siffar ƙarfe kullum mai dabara zai sha gabanta, domin kafin ɗan majalisa ya gama rubuta jimla ɗaya, mai gareji ya sami hanyar kewaye ta. Kamata ya yi a auna makami da abin da yake iya aikatawa cikin minti ɗaya, ko wane suna aka laƙaba masa.

'Yan'uwa ɗalibai, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta ba da izinin hukuma ba, kuma ƙasar da ke fama da 'yan bindiga ba ta bukatar a gaya mata dalili. A cikinmu akwai masu koyon injiniya, gobe su ne a kan injinan sassaƙa ƙarfe. Akwai kuma masu koyon shari'a da mulki, gobe su za su tsara dokoki. Na farko su tuna abin da hannu ya ƙera yakan fita daga gidan maƙerinsa, ba ya kuwa tambayar niyyarsa. Na biyun su rubuta doka wadda ta dubi ɓarnar da za a yi, tun ba a kai ga ƙirga gawa ba.

Ƙasar nan tana jiran famfon ban-ruwa da injin sussuka da garma mai sauƙin kuɗi. Mai ƙaiƙayin hannu, ga aiki nan jibge.