Duniyar Kwamfuta: Ba A Shiga Fada Sai Da Iso



A hutun da ya wuce mun leƙa wani shagon buga takardu a cikin garin Daura, muka tarar da ɗalibai sun yi layi. Firinta a kunne take, wayarta a jone, amma ta ƙi fitar da ko shafi ɗaya. Mai shago har ya fara lissafin kuɗin sabuwa. Ashe lafiyarta ƙalau: an sake loda wa kwamfutar Windows ne, aka manta ba a saka direban firintar ba.

To, mene ne direba? Ku tuna fadar Sarkin Daura. Mai buƙata ba ya kutsawa gaban Sarki kai tsaye, sai ya tsaya ya faɗi abin da ke tafe da shi, a yi masa iso. Haka kwamfuta take. Manhajar da kuka buɗe ba ta da ikon taɓa kyamara, ko firinta, ko na'urar ɗaukar zanen yatsa irin ta rajistar JAMB. Dole ta bi ta hannun babbar manhaja, wato Windows ko Linux ko Android. Kowace na'ura kuma da yarenta, direba shi ne ƙaramar manhajar da ke yin tafinta a tsakani.

Ga yadda ake neman ison. A Windows, mai rubuta manhaja yana kiran wani umarni mai suna CreateFile, ya ba shi sunan na'urar, misali \\.\COM3, ya faɗi ko karatu zai yi ko rubutu. A Linux sunan umarnin open, sunayen na'urori kuma suna cikin /dev. Wannan dabara ta ɗaukar na'ura tamkar fayil an gajo ta ne daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Amurka a 1969.

Idan babbar manhaja ta amince, sai ta miƙo wata lamba, tamkar katin shiga. Da ita za a riƙa aika saƙo da karɓar amsa. In an gama, a mayar da ita da CloseHandle ko close, don wani ma ya samu.

Idan kuwa ta ƙi, takan faɗi dalili. A Windows, kuskure mai lamba 2 na nufin ba a ga sunan ba, sau da yawa saboda babu direba. Lamba 5 kuwa an hana shiga ne: ko ba ku da izini, ko wata manhaja ta riga ta riƙe ƙofar.

Darasi biyu za mu ɗauka. Na farko, in na'ura ta ƙi aiki, kada ku yi gaggawar cewa ta mutu. Ku buɗe Device Manager, alamar ruwan ɗorawa kusa da sunanta na nuna matsalar direba. Na biyu, duk lokacin da wayarku ta tambaya ko a bar wata manhaja ta yi amfani da kyamara ko makirufo, ku ne masu yin iso a wannan fada. Manhajar tocila ba ta da abin yi da muryarku. Ku hana ta.

Aikin gida: ku shiga saitin wayar gidanku, da izinin mai ita, ku ƙirga manhajojin da aka buɗe wa ƙofar kyamara. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.