Ba a fafe gora ranar tafiya



Zancen wannan wata shi ne ƙaura da tsohuwar mota. Bayan an gama aikin kaka, mutane da yawa suna tashi da iyalinsu zuwa wani gari. Wani gona ya samu, wani aiki. Mafi yawansu ba su da mota. Ta ɗan'uwa ake roƙo, ko a yi haya. Kuma motar da talaka ke samu tsohuwa ce. Tsohuwar mota tana iya kai mutum ƙarshen ƙasa. Amma sai an duba ta tun da sauran kwanaki, kuma an ɗora mata abin da za ta iya ɗauka. Ga labarin wani gida, don kowa ya ga yadda ake yi.

Wa da ƙane

Wani manomi ne a wani ƙauye kusa da Mirya, jihar Damagaram. Gonarsa ta gaji, iyali sun yi yawa. Surukinsa ya samo masa gona a wajen Gaya, inda ruwan sama ya fi yawa. Yana son ya isa kafin shuka. Tafiyar ta kai kimanin kilometir 900. Zai tafi da matarsa, da yara 4, da tsohuwar uwarsa.

Ƙanensa direba ne. Yana da Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, wadda jama'a ke kira Fijo bashe. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968. Daga 1975 aka riƙa harhaɗa Peugeot a Kaduna. Mai buɗaɗɗen bayan ta fito a 1979. Tasa ta girmi ɗansa na fari nesa ba kusa ba.

Wan ya ce: «Jibi za mu tashi. Motar nan kullum tana zuwa kasuwa, ba ta taɓa kwana a daji ba.»

Ƙanen ya ce: «Yaya, ka ba ni kwana 10. Zuwa kasuwa daban, zuwa Gaya daban.»

Gardama ta yi tsawo. Sai uwarsu ta sa baki, ta ce: «Ku yaran nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Jikokina ba za su shiga motar da ba a duba ba.» Nan magana ta ƙare.

Ƙanen ne ke da gaskiya. Tafiyar kasuwa gajera ce, tana ɓoye ciwon mota. Kafin inji ya yi zafi sosai, an iso. Ruwa ya ragu kaɗan, a ƙara a rijiyar gari. Amma a doguwar hanya inji yana aiki awa 5 ko 6, ga kaya, ga rana. A watan Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yana wuce 40. A nan ne ƙaramin ciwo ke zama babba. Makiyayi ya san wannan. Saniyar da ke ɗingishi kaɗan a bakin gari, ita ce ke faɗuwa a hanyar mashekari.

Abubuwa 5 da aka duba a gareji

Suka kai motar wurin mai gyara a Damagaram. Wan bai san komi ba game da inji. Mai gyaran ya ce masa: «Malam, matso kusa. Rabin abin da zan duba, idonka ma yana iya gani.»

1. Ruwa. Tankin ruwan da ke gaban inji shi ake kira radiyato. Shi ke sanyaya inji. Ƙura da ƙaiƙayi da ƙwari suna toshe ƙananan ramukansa, iska ta kasa wucewa. A wanke shi da ruwa daga baya zuwa gaba. A matsa bututun roba da hannu lokacin da inji ke da sanyi. Wanda ya tsage, ko ya kumbura, ko ya yi laushi kamar dafaffen rogo, a canja shi. A wannan motar an sami ɗaya da ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Akwai kuma igiyar fanka, wadda masu gareji ke kira kuruwa. Ita ke juya fanka, da famfon ruwa, da abin cika batir. A danna ta da babban yatsa. In ta lotsa fiye da kaurin ƙaramin yatsa, ta saki. In ta fara tsagewa, a sa sabuwa.

2. Man inji. A zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyu. In ya yi baƙi ƙirin ya yi kauri, a juye shi a sa sabo, tare da matacinsa. Tsohuwar mota tana son juyen mai kowane kilometir 5000. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa. Wannan babban ciwo ne, kada a tashi sai an gyara. A kakkaɓe matacin iska kuma, don ƙurar hunturu tana cika shi.

3. Tayu. Taya tana da ranar haihuwa a rubuce a gefenta. A nemi rubutun da ya fara da DOT. Lambobi 4 na ƙarshe su ne ake so. Biyu na farko sati ne, biyu na ƙarshe shekara. In an ga 1912, ma'anarsa sati na 19 na shekarar 2012. In lambobin 3 ne kawai, an yi tayar kafin shekarar 2000. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Tayar da ta wuce shekara 10 ba ta doguwar hanya ba ce, ko zanenta yana da kyau. Wan da kansa ya karanta lambar tayar baya, ya tarar ta wuce shekara 10. Aka cire ta. A auna iska da safe kafin a tashi. Tayar da iskarta ta yi kaɗan ita ce ke yin zafi ta fashe. Kuma ba a rage wa taya iska don ta yi zafi a hanya.

4. Birki. A taka shi da ƙarfi a riƙe. In ƙafa tana nutsewa sannu sannu, mansa yana yoyo. A leƙa bayan kowace ƙafar mota, a ga ko akwai jiƙa. A gwada birkin hannu a kan gangare. Motar da ke gudun kilometir 80 tana bukatar fili ninki 4 na wadda ke gudun 40 kafin birki ya tsayar da ita. In da kaya, filin ya ƙaru.

5. Batir, fitilu da ƙarafan baya. A kankare farin garin da ke kan bakin batir, a ɗaure shi kada ya yi rawa. A kunna fitilu duka, wani ya zagaya ya gani. A sunkuya a dubi ƙarafan da ke ɗauke da nauyin baya. In ɗaya ya karye, sauran ba za su daɗe ba.

Gyaran ya ci kuɗin tunkiya. Wan ya yi gunaguni. Mai gyaran ya ce: «Malam, a nan kai ke tayawa. A daji kuwa, mai janyo mota ne ke yanka maka kuɗi.»

Lissafin kaya

Sai babbar magana ta taso. Wan yana da buhu 10 na hatsi, kowane kilo 100. Abincin gidansa ke nan har kaka. Ya ce ba zai bar ko ɗaya ba.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka. Takardar mota, wato kartigiris, tana nuna shi. Ƙanen ya duba, ya ce su yi lissafi a kan kilo 1000. Suka zauna a kan tabarma da alli da allo.

Manya 4, kowane kilo 60: kilo 240.
Yara 4, kowane kilo 25: kilo 100.
Ruwan sha, da esansi, da tayun ajiya, da kayan gyara: kilo 130.
Gado, tabarmi, tukwane, turmi, akwatuna da kayan noma: kilo 230.
Duka: kilo 700.

A cire 700 daga 1000, saura 300. Buhu 3 ke nan, ba 10 ba.

Wan ya yi shiru. Can ya ce: «Ai kullum ina ganin irin motar nan da buhu 20, da mutane a bisa.»

Ƙanen ya ce: «Haka ne, Yaya. Kuma kullum kana ganin su a kife a bakin gudron. Ni ba zan sa Inna da yaran nan cikin wannan caca ba.»

Nauyin da ya wuce kima yana cin mota ta ko'ina. Inji ya yi zafi. Taya ta fashe. Birki ya ƙi kamawa. In kayan sun yi tsawo bisa, mota ta kife a kwana. A ƙarshe wan ya sayar da buhu 3 don kuɗin hanya. Buhu 4 ya ba mai kamiyo, ya karɓi takarda. Buhu 3 suka shiga mota.

Wajen lodi, masu nauyi ake fara sawa, a ƙasa, kusa da bayan direba. Marasa nauyi a bisa. A ɗaure komi da igiya. Bidon esansi ya zauna nesa da mutane, a rufe sosai, kuma ba a shan taba kusa da shi. Awaki 2 da suke da su an bar wa maƙwabci, don dabba da yara ba su zama wuri ɗaya har kwana 4.

Gwajin hanya

Saura kwana 3, suka yi lodi suka tafi Takeita suka komo. Zuwa da komowa kimanin kilometir 100 ne. Sun cika tanki kafin su tashi, suka sake cikawa da suka dawo. Ya ci litir 13. Ke nan kilometir 900 zai ci 13 sau 9, wato litir 117. Suka tanadi kuɗin litir 130. Wanda zai sayi esansi na kwalba, ya tace shi da tsumma mai tsabta, don ruwa da datti suna kashe mota.

Da suka dawo, suka tsayar da motar a kan busasshen wuri ta kwana. Da safe suka duba ƙasa. Ɗigon ruwa ko na mai yana nuna inda ciwo ya rage. Sun ga ɗigon ruwa. Ashe zoben bututun da aka canja bai ɗauru sosai ba. Aka matse shi cikin minti 5. Da ba a yi gwaji ba, da a tsakiyar hanya za a gane.

Abin da aka riƙa

Takardu: kartigiris, asiransi, takardar tuƙi ta direba, takardar duba lafiyar mota, katin ɗan ƙasa na manya, takardun haihuwar yara. A duba kwanakin da ke jikinsu tun a gida, kada jandarma ya zama shi ne mai gaya wa mutum sun ƙare. A ware kuɗin biyan hanya daban.

Kayan gyara: tayun ajiya 2 masu iska, abin ɗaga mota da katakon da za a ɗora shi a rairayi, abin kwance ƙafa, famfon iska, kuruwa ta ajiya, bututu, waya, igiya mai ƙarfi, man inji litir 2, man birki, tocila.

Ruwa: bidon 2 na litir 25. Ɗaya na mutane, ɗaya na mota. A cika su a kowane gari.

A kan hanya

Suka raba tafiyar gida 4. Ranar farko Damagaram zuwa Maraɗi, ta Tasawa, kimanin kilometir 240. Ta biyu Maraɗi zuwa Birnin Ƙonni, ta Madawa, kimanin 240. Ta uku Ƙonni zuwa Doso, ta Dogon Dutsi, kimanin 280. Ta huɗu Doso zuwa Gaya, kimanin 150. Kowace safiya suna tambayar direbobin tasha halin da hanya ke ciki.

Bayan sallar asuba suke tashi. Kafin azahar sun sauka. Ba su tafiyar dare, don a cikin duhu ake haɗuwa da shanu, da amalanken da ba shi da fitila, da kamiyon da ya lalace a kan gudron. Tsohuwa da matar gida da ƙaramin yaro suna gaba. Wan da sauran yara suna baya, a zaune ƙasa, ƙarƙashin tamfol, babu mai hawa kan kaya. Kowane awa 2 ake tsayawa. Yara su sha ruwa, direba ya zagaya ya taɓa tayu ya duba igiyoyi.

Rana ta biyu, tsakanin Madawa da Galmi, allurar zafi ta tashi. Direba ya sauka gefen hanya nan da nan, ya kashe inji. Kuruwa ce ta tsinke. Wan ya miƙa hannu zai buɗe marfin radiyato. Ƙanen ya riƙe shi, ya ce: «Yaya, kul! Ruwan nan ya fi na tukunya zafi.»

Gaskiya ne. Marfin yana danne ruwan don kada ya tafasa da wuri. In an buɗe da zafi, ruwa da tururi su yi tsalle su ƙona fuska da hannu. Sai a jira rabin awa ko fiye. Sa'an nan a sa tsumma, a kwance sannu sannu. Kuma ba a zuba ruwan sanyi cikin inji mai zafi, don ƙarfen yana iya tsagewa.

Suka jira a inuwar gawo. Aka sa kuruwar ajiya, aka ƙara ruwa. Cikin awa ɗaya suka kama hanya. Rana ta huɗu da hantsi suka sauka Gaya, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Bayan sati ɗaya buhu 4 suka iso.

Abin riƙewa

Ba sai mai mota kaɗai ne ke da ikon duba mota ba. Duk wanda zai sa iyalinsa a ciki yana da ikon ya karanta lambar taya, ya ga takardu, ya ƙirga buhu. In direba ya ƙi, a nemi wata mota. Jinkirin kwana 10 a gida ya fi kwana ɗaya a daji da yara babu ruwa. Tafiya sannu sannu, kwana nesa.

Ga lissafi don zaman hira. Mota tana cin litir 12 a kilometir 100. Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilometir 660 ne. Litir nawa za a tanada? Amsa tana nan tafe a wata mai zuwa.

Allah shi kiyaye hanya, shi kai kowa gida lafiya.