Kada A Zagi Mai Jirgi Don Ya Ƙi Tashi

Akwai wani irin ɓacin rai wanda duk matafiyi ya san shi, watau mutum ya yi shiri, ya biya kuɗinsa, ya sa rai ga wani gari, har ya hango shi da idonsa, sa'an nan a ce masa ba za a sauka ba. A ƙasashen bakin teku wannan abu yakan sami masu shiga manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Mutum yakan biya kuɗin kwana bakwai ko goma, yana ci yana kwana cikin jirgi, kusan kowace safiya a tsaya a wata tasha, ya sauka ya ga gari, da maraice ya komo. To, wata rana sai gari ya waye da iska, shugaban jirgi, wanda ake kira kyaftin, ya sanar cewa yau ba za a tsaya ba, za a wuce. Nan da nan sai gunaguni ya tashi. Wani ya ce an cuce shi, wani ya ce don tashar nan kaɗai ya biya kuɗi, wani kuwa ya dubi sama ya ce ai ga rana tana haske, ina iskar take?

Mai karatu na Talata Mafara ko Bakura ko Maradun zai ce, mu da ba mu taɓa ganin teku ba, ina ruwanmu da wannan magana? Lalle da ruwanmu. Ba mu da teku, amma muna da gulabe, muna da tafkin Bakolori tun da aka gama madatsarsa a 1978, muna kuwa da masu fito waɗanda kowace damina mukan ɗora musu irin wannan laifi. Ni kaina na taɓa ɗora wa wani, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata shekara, cikin watan Yuli, aka gayyace mu bikin rufe makaranta a wani ƙauye da ke wajen Gidan Goga, ƙasar Maradun. Na ɗauki waɗansu ɗalibai masu koyon aikin malanta, don su ga yadda ake riƙon makarantar ƙauye. Da hantsi muka iso bakin wani gulbi, wanda da rani ko akuya takan taka rairayinsa ta wuce, sai muka tarar ya cika ya batse. Sama kuwa garau, babu ko alamar hadari. Ga kwalekwale a ɗaure, ga mai shi, wani dattijo, yana zaune a inuwa. Na ce, "Baba, ƙetare za ka kai mu, ana jiranmu." Ya dubi ruwa, ya dube ni, ya ce, "Ranka shi daɗe, ruwan ga ba shi ƙetaruwa yau." Na yi masa ƙarin kuɗi, ya ƙi. Na gaya masa ko ni wane ne, ya ce ya ji, amma ruwa bai ji ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na faɗi maganar da bai kamata mai shekaruna ya faɗa wa mai furfura ba. Muna tsaye ke nan, ba a yi sa'a guda ba, sai ga wani ƙaton kututture ruwa ya ɗauko shi, yana juyi da shi kamar sillen kara, ya bi ta daidai mashigin da za mu bi. Ɗalibaina suka dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai.

Abin da dattijon nan ya sani, ni da takardun shaidata ban sani ba, shi ne ruwan gulbi ba da saman da ke bisa kanka yake shawara ba. Dubi Gulbin Sakkwato. Daga wajen Funtuwa ya taso, ya bi ta Gusau, kafin ya iso ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura. In an kwana ana ruwa can gabas, nan za a wayi gari rana tsaka, amma ruwan yana tafe, ɗauke da itatuwa da yashi, sai bayan sa'o'i ya iso. Haka ƙananan gulabe suke. Mai fito yana duban launin ruwa, da irin tarkacen da yake ɗauke da shi, da inda ya kai a jikin gaɓa jiya da inda ya kai yau. Wannan ilmi ne, ko da ba a rubuta shi a allo ba.

Haka kuma al'amarin kyaftin yake. Babban jirgin yawo tsayinsa daga ruwa zuwa sama yakan kai na bene mai hawa goma ko fiye, saboda haka iska takan buge shi a gefe kamar yadda take bugun katanga. A tsakiyar teku wannan ba kome ba ne, gama yana da gudu, yana da fili. Amma in zai shiga tasha tilas ya rage gudu, jirgi kuwa in ya rage gudu juya shi yakan yi wuya, ga mashigi ƙunci, ga duwatsu dama da hagu. Waɗansu tashoshin ma ba su da zurfin da babban jirgi zai matso gaɓa, sai ya tsaya nesa, a riƙa kwasar mutane cikin ƙananan jirage. In raƙuman ruwa sun tashi, ƙaramin jirgi yana hawa yana sauka a gefen babba, tsoho ko yaro ya sa ƙafa ya kuskure, shi ke nan. Iyayenmu da suka yi fataucin Gwanja da Kurmi sun san irin wannan, domin a Ankara ta ƙasar Gana haka aka yi ta sauke mutane da kaya cikin kwalekwale, har aka buɗe tashar Tema a 1962. Bayan wannan kuma, kyaftin ba safiya kaɗai yake dubawa ba. In ya sauke mutum dubu uku da safe, iska ta ƙaru da la'asar, ta yaya zai komo da su?

Saboda haka ne dokar duniya ta tsaya masa. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar tsare rayuka a teku, wadda aka sabunta a 1974, ana kuwa aiki da ita har yanzu. A cikinta an hana mai jirgi, ko wanda ya yi hayarsa, ko wani mutum dabam, ya hana kyaftin yanke shawarar da ya ga ita ce za ta tsare rayuka. Watau ko mai kamfani ba shi da ikon tilasta shi, balle fasinja.

Wanda yake ganin ƙin tsayawa ko ƙin tashi shi ne babbar hasara, to, ya dubi abin da yakan faru in shugaban jirgi ya yi wa ruwa ganganci. A watan Disamba na 1991 jirgin Salem Express ya taso daga Jidda zuwa Safaga ta ƙasar Masar, cikinsa da masu komowa daga ƙasa mai tsarki da yawa. Dare ya yi, ga iska, sai aka bi gajeriyar hanya kusa da gaɓa don a rage lokaci. Jirgi ya hau dutse a Bahar Maliya, ya nutse cikin 'yan mintoci, mutum fiye da 450 suka halaka. Ran 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola na ƙasar Sanigal, wanda aka ƙera don ɗaukar mutanen da ba su kai 600 ba, ya ɗauki kusan 2,000, guguwa ta same shi daura da Gambiya, ya kife, mutum 1,863 suka mutu. Ran 13 ga Janairu 2012 kuwa jirgin yawo mai suna Costa Concordia ya bar hanyarsa ya matsa kusa da tsibirin Giglio a Italiya, don a burge na tudu da na jirgi. Babu ko hadari a ranar. Ya bugi dutse, mutum 32 suka rasu, kotu ta ɗaure kyaftin ɗin shekara 16.

Ba sai mun je nesa ba ma. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a kogin Kwara, wajen Warra ta ƙasar Kabi, waɗanda aka tsamo da rai kaɗan ne. Ran 30 ga Nuwamba na wannan shekara, a Bagwai ta Kano, mutum 29 suka rasu a ruwan Watari, galibinsu yara 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Yuni 2023 fiye da mutum 100 masu komowa daga biki suka halaka a ƙasar Patigi. A Satumba 2024 kuma, nan gida Zamfara, kwalekwale ya kife da manoma masu yawa a Gummi. Gaskiya ne yawancin waɗannan ba iska ce ta jawo su ba, lodi ne ya yi yawa. Amma in aka bi saiwar abin, guda ce: jama'a suna gaggawa, kowa yana cewa sai an tafi da shi yanzu, mai jirgi kuwa, ko don kwaɗayin kuɗi ko don jin nauyin mutane, ya kasa cewa a'a. Mu da muke zagin mai fito in ya ƙi tashi, mu ne muke koya masa ya tashi ranar da bai kamata ba.

Amma fa kada a ce na ce ɓacin ran fasinja ba shi da tushe. Yana da shi. Wanda ya yi shekaru yana tara kuɗi don ya ga wani gari, aka wuce da shi, ya yi hasara ta gaske. Kamfanonin jiragen yawo sukan rubuta cikin sharuɗan tikiti cewa suna da ikon sāke hanya, abin da sukan mayar kuwa galibi kuɗin harajin tashar ne da na yawon da aka biya musu za a yi a garin, ba kuɗin tafiya ba. Mutane da yawa ba su karanta wannan sai bayan abin ya faru. Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba, watau mutanen tashar, masu motoci da masu sayar da abinci da masu sana'ar hannu, waɗanda suka yi sammako suka shirya, jirgi ya wuce suna kallo.

A nan ne na ga nawa laifin na biyu. Ran nan da muka juya daga bakin gulbi, mutanen ƙauyen sun yanka rago, mata sun yi tuwo, yara sun yi mako uku suna koyon wasan da za su nuna. Waya ta ƙi shiga, ni kuwa saboda fushi ban nemi wata dabarar aika saƙo ba, ko da ta kira ce daga gaɓa zuwa gaɓa. Suka zauna jira har rana ta faɗi. Da muka koma cikin Oktoba, ruwa ya janye, babban malamin makarantar ya ce mini, "Malam, rashin zuwanku bai dame mu ba kamar rashin jin labarinku." Ban sami abin da zan amsa masa ba. Ruwa ne ya hana mu zuwa, amma ba ruwa ne ya hana mu ba da haƙuri ba.

To, ga abin da na gani ya kamata. Shawarar tashi ko ƙin tashi a bar wa mai jirgi ita ɗungum, kada hakimi ko ma'aikaci ko attajiri ya sa baki don girmansa, gama mu manya mu ne muka fi matsa musu. Shi kuma mai jirgi, da kamfani, da duk wanda ya yi alkawarin zuwa, wajibi ne ya faɗi dalili a fili tun da wuri, ya mayar da kuɗin abin da bai yi ba, ya sanar da masu jira. In kamfani ya fake da iska alhali wani dalili ne na kansa, wannan ha'inci ne, kuma shi ke sa ranar da iskar gaske ta zo mutane su ƙi yarda.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar ruwa. Doka ce mai kyau, amma Lakwaja tana da nisa da mashigin ƙauye. Wanda zai iya tsare ta shi ne Sarkin Ruwa da mai gari da su fasinjojin kansu. Ya kamata kowane mashigi a san adadin mutanen da kwalekwale zai ɗauka, a kuma kafa turke mai alama a gaɓa, in ruwa ya wuce alamar kowa ya san ba fito, don kada nauyin ƙin ya zauna kan mutum guda.

Mu kuma ma'aikatan ilmi muna da namu rabo. Bai kamata mu riƙa sa ranar biki ko rangadi a ƙauyukan ƙetaren gulbi cikin Yuli da Agusta da Satumba ba tare da mun ajiye wata rana ta biyu ba. Kada malami ya tsawata wa yaron da ya makara ko ya yi fashi don gulbi ya kawo, domin in ya tsawata masa yau, gobe yaron zai faɗa ruwa saboda tsoron bulala. A kuma koya wa yara a aji inda gulbinsu ya taso da dalilin da yakan cika ba a yi ruwa a garinsu ba. In da hali a gayyato mai fito ya yi musu bayani da bakinsa. Ni dai tun daga ran nan duk ɗaliban da suka biyo ta hannuna nakan ba su wannan labari, har da maganar da na faɗa wa dattijon, wadda na koma na roƙe shi gafara a kanta.

Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Garin da aka wuce yau yana nan, ana iya komawa baɗi. Saboda haka in mai jirgi ya dubi ruwa ya ce ba ya tafiya, ɗan'uwa, haɗiye fushinka, ka nemi kuɗinka in ka biya, ka aika wa masu jiranka, sa'an nan ka gode masa. Allah Ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa, amin.