Ranar da Turmin Maƙwabta Ya Tsage

Daren Larabar makon jiya 'yar ƙanwata ta kira ni, muryarta na rawa. Saura kwana biyu ta miƙa kundin bincikenta na kammala digiri, sai manhajar da take lissafin alƙalumanta da ita ta ƙi buɗewa. Abin da allon ke nunawa kawai shi ne ba a sami VCRUNTIME140.dll ba. Mai gyaran da ta kai wa kuwa har ya yanke hukunci: sai an goge komai an sake zuba Windows. Na ce mata: "'Yata, ɗauko kwamfutarki ki taho gida."

Mai karatu ya san cewa a da ba kowane gida ke da turmi ba. Guda ɗaya kan wadatar da maƙwabta. Haka manhajoji suke. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .dll a Windows, ko .so a Linux, tarin umarni ne da manhajoji da dama ke aro maimakon kowace ta zo da nata. Wannan dabara na rage cin wuri, kuma gyara guda kan amfani kowa. Sai dai ranar da turmin ya tsage, gidaje da yawa ne za su rasa daka.

Me ke tsaga shi? Wani lokaci manhajar da aka cire ce ta tafi da kayan da ba nata kaɗai ba. Wani lokaci wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, fayil ya tsaya rabi. Manhajar tsaro ma kan killace shi bisa zargi, musamman idan ya biyo manhajar sata. Akan kuma sami saɓani: manhaja mai bit 32 ba ta iya aiki da fayil mai bit 64.

Babban kuskuren da nake gani shi ne a rubuta sunan fayil ɗin a intanet a sauke shi daga shafin da aka fara cin karo da shi. DLL umarni ne da kwamfuta ke zartarwa. Wanda ya karɓe shi daga hannun baƙo ya miƙa masa makullin ɗakinsa. Garin neman gira sai a rasa ido.

Sunan fayil yakan nuna mai shi. VCRUNTIME140.dll da MSVCP140.dll na cikin kunshin Visual C++ ne, wanda Microsoft ke bayarwa kyauta a shafinsa. Shi muka sauke muka ɗora, kafin shayi ya huce manhajar ta buɗe. Da fayil ɗin na manhajar ne, da mun cire ta mun sake ɗorawa. Da na Windows ne, da umarnin sfc /scannow, wanda ake bayarwa da izinin mai kula da na'ura, ya bincika ya gyara. Idan kuwa fayiloli suka riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya, a tuhumi ma'adanar kwamfutar, a hanzarta kwashe muhimman takardu.

Kirana ga masu gyara shi ne su daina mayar da goge komai maganin kowace cuta. Aikin shekara guda na ɗalibi ba abin wasa ba ne. Mu kuma mu riƙa karanta saƙon allo kafin mu firgita, mu kuma ajiye kwafin aikinmu a wani wuri dabam. Ita dai 'yar tawa ta miƙa kundinta ranar Juma'a.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.